Ambaliyar Neja-Delta: Musabbabinta Da Hasarar Da Take Jawo Wa Noma Da Fatauci

Sau biyu a cikin shekaru goma, wato a 2012 da kuma 2022, ambaliyar ruwa ta shafe garuruwa da gonaki a jihohin Bayelsa da Ribas da Delta, ta datse hanyoyin mota, ta kuma tsai da harkokin ciniki tsakanin Kudu da Arewa har na tsawon makonni. Bisa ƙididdigar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ambaliyar 2012 ta halaka mutane 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu, an kuma ƙiyasta hasarar dukiyar da ta jawo a kan Naira tiriliyan 2.6. Ta 2022 kuwa ta ci rayuka fiye da 600, ta kori kimanin mutum miliyan 1.4 daga matsugunansu, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta ɓarnarta a kan Dalar Amurka biliyan 6.68.

Waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne, domin a shekarun biyu duka jihohi 30 ko fiye ne abin ya shafa. Sai dai yankin gaɓar teku yana da nasa hali na dabam. A wurare da yawa na Arewa ruwa yakan zo da ƙarfi cikin dare, ya rushe abin da zai rushe, ya wuce bayan 'yan kwanaki. A Neja-Delta kuwa sannu a hankali yake hawa, idan kuma ya kwanta sai ya yi wata guda ko fiye bai janye ba. Wannan daɗewar ita ce ke kashe amfanin gona, ita ce kuma ke karya jarin ɗan kasuwa.

Hanyar da ruwan ke bi

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, tsawonsa kuwa ya kai kimanin kilomita 4,180. Binuwai ya fito daga tsaunukan arewacin Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. A Lakwaja suke haɗuwa, su gangara ta Idah da Anacha, sa'an nan a kudu da garin Aboh ruwan ya rabu gida biyu, wato kogin Forcados da kogin Nun, daga nan kuma ya warwatsu cikin ɗaruruwan ƙoramu kafin ya faɗa Tekun Atlantika. Ma'anar wannan ita ce, ruwan saman da ya sauka a Sakkwato da Zamfara da Kaduna da Gombe da Taraba da Adamawa, duk wanda ƙasa ba ta shanye ba, ƙofar gidan mutanen Bayelsa da Ribas da Delta ce mafitarsa. Ruwan Kano da Jigawa ne bai bi wannan hanya ba, shi ta kogin Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne lokacin da ruwan ke isowa. Damina takan kai ƙololuwarta a Arewa cikin Agusta da farkon Satumba, cikar kogunan takan iso Lakwaja a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ta isa Neja-Delta cikin Oktoba. Kafin wannan lokaci ƙasar yankin ta riga ta ƙoshi da nata ruwan, domin a bakin teku ruwan sama yakan kai milimita 3,000 zuwa 4,000 a shekara, wato ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu. Ga shi kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, mafi yawanta ba ta ɗara teku tudu da fiye da 'yan mitoci ba. Bugu da ƙari teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, duk sa'ad da ya cika kuwa sai ya tokare bakin ƙoramu, ya hana ruwan kogi fita. Ruwan da aka tura daga sama aka kuma tare daga ƙasa ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje.

A ma'aunin da ke Lakwaja, tsayin ruwa ya kai mita 12.84 a ƙarshen Satumbar 2012, a farkon Oktobar 2022 kuma ya haura mita 13.

Batun madatsar Lagdo

Da zarar an yi maganar ambaliya a Nijeriya, sunan da ke fara fitowa daga bakin jama'a shi ne Lagdo, madatsar ruwan da Kamaru ta gina a kan Binuwai kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982. Gaskiya ne an buɗe ƙofofinta a 2012, an kuma sake buɗe su a ran 13 ga Satumba, 2022, kuma garuruwan Adamawa da ke kusa da iyaka su ne kan fara ɗanɗana kuɗarsu. Haka kuma an daɗe ana maganar madatsar Dasin Hausa a Ƙaramar Hukumar Fufore, wadda aka tsara za ta ninka Lagdo girma sau biyu da rabi domin ta riƙa tare abin da aka sako. Fiye da shekara 40 bayan kammala Lagdo, ba a gina ta ba.

To amma ɗora wa Lagdo laifin duka ya yi sauƙi da yawa. A watan Oktoba na 2022, Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa kashi 80 cikin ɗari na ambaliyar ruwan sama ne ya haddasa ta, rabon Lagdo kuwa ɗan kaɗan ne. Mutane da yawa ba su ji daɗin wannan magana ba, ana kuma iya jayayya a kan adadin da ya bayar, sai dai taswira tana goyon bayansa. Manyan kogunan da ke ciyar da Binuwai, wato Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, duk a ƙasa da Lagdo suke shiga cikinsa, kuma mafi yawan ruwansu babu abin da ke riƙe shi. Madatsar Kashimbila da aka gina a kan Katsina-Ala a Jihar Taraba reshe ɗaya kawai ta kama. A ɓangaren Kwara akwai Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba, da kuma Shiroro a kan kogin Kaduna, amma dukansu domin wutar lantarki aka gina su. Mai kula da irin wannan madatsa burinsa ya shiga rani da tafki cike, saboda haka idan ruwa ya zo fiye da zato a ƙarshen damina ba shi da sauran wurin ajiya, dole ya saki, a daidai lokacin da na ƙasa da shi ba su da ikon karɓa.

Ko da an gina Dasin Hausa gobe, Yola da Numan za su sami sauƙi, amma babu wanda zai iya yi wa Yenagoa alkawarin kwana a bushe.

Akwai kuma abin da hannun mutum ya ƙara. Sare itatuwa da noma har bakin gaɓa sun sa ƙasa na zaizayewa tana cika kwarin kogi da yashi, kogin da cikinsa ya cike kuwa ruwa kaɗan ke sa shi tumbatsa. Aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, mai tsawon kilomita 572, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a 2009, an yi shi ne domin buɗe wa jiragen ruwa hanya, kuma yashi ba ya jin an taɓa kwashe shi, kowace damina sabo yake kawowa. A cikin birane irin su Yenagoa da Fatakwal da Warri an cike fadamu an yi gine-gine a kansu, an toshe magudanai da shara. Game da sauyin yanayi kuwa, wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa mai bin diddigin irin waɗannan bala'o'i ta bayyana a Nuwambar 2022 cewa ɗumamar duniya ta sa ruwan daminar shekarar a yankin Tafkin Chadi ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari.

Ta ɓangaren teku

Ambaliyar kogi tana zuwa ta tafi. Abin da teku ya ci kuwa ba ya mayarwa. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kilomita 853, kuma tun daga 1900 zuwa yau tsayin ruwan tekunan duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20. Wannan adadi ba shi da yawa a ido, amma a ƙasar da ba ta da tudu, taƙi guda na hawan ruwa yana iya cinye fili mai faɗi. Ita kanta ƙasar Neja-Delta laka ce da kogi ya tara cikin dubban shekaru, tana kuma lotsawa a hankali. A da, sabuwar lakar da kogi ke kawowa kowace shekara ita ke cike gurbin abin da ya lotsa, yanzu kuwa wani kaso nata yana maƙalewa a bayan madatsun ruwa. Dajin mangurof, wato itatuwan nan masu saiwoyi a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna karya ƙarfin igiya, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansa, amma malalar ɗanyen mai da saran itacen banda kifi sun rage shi a wurare da dama. Hanyoyin ruwan da aka haƙa domin kai kayan aikin mai cikin fadama su ma sun buɗe wa ruwan gishiri ƙofa zuwa inda da ba ya kaiwa.

Garin Ayetoro da ke Ƙaramar Hukumar Ilaje ta Jihar Ondo shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Wata al'ummar Kirista ce ta kafa shi a 1947, ya kuma yi suna wajen kamun kifi da ƙera jiragen ruwa da ƙananan masana'antu na haɗin gwiwa. Yau teku ya haɗiye babban ɓangare na garin, har da gidaje da makarantu da wuraren sana'a. Hukumar Raya Yankin Neja-Delta ta ba da kwangilar gina katangar kariya a 2004, ta sake bayarwa a 2009, amma katangar ba ta tsaya ba. A Ikko kuwa, inda ƙasa ke da tsada, an yi maganin zaizayar Bar Beach da katangar duwatsu da cikon yashin da aka gina unguwar Eko Atlantic a kai. Bambancin garuruwan biyu bai wuce na wanda ke da mai zuba masa jari da wanda ba shi da shi ba.

Abin da ke faruwa a gona

Manomin Neja-Delta rogo ne jarinsa, sai doya da gwaza da agade, ga kuma kwakwar manja. Rogo yana jure fari da ƙasa marar ƙarfi, abin da ba ya jurewa shi ne kwanciyar ruwa, domin 'yan kwanaki kaɗan cikin ruwa sun isa saiwarsa ta ruɓe. Yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya ƙosa. Saboda haka da zarar an ji ruwa na tafe, sai kowa ya shiga gona ya tuge rogonsa ko bai gama ƙosawa ba, mata su kwana suna ɓarewa suna tuya domin a mai da shi gari kafin ya lalace. Na ɗan lokaci sai kasuwa ta cika da garin rogo, farashi ya faɗi a bakin gona, dillalin da ke da kuɗi a hannu da motar ɗauka ya saya da araha. Bayan wata biyu ko uku sai abin ya juya, gari ya yi wuya, manomin da ya sayar da hasara ya koma yana sayen abinci da tsada.

Hasara ta biyu, wadda ba kasafai ake lissafa ta ba, ita ce ta iri. Ba a shuka rogo da ƙwaya, karansa ake yankawa a dasa, haka ita ma agade 'ya'yan da ke fitowa a gindinta ake cirewa, doya kuma daga cikin amfanin bana ake ware irin baɗi. Idan ruwa ya kwanta a gona wata guda, amfanin bana da irin baɗi tare suke tafiya. Wannan ne ya sa ambaliyar wata ɗaya takan zama ƙarancin abinci na shekara biyu. Alƙaluman da Ma'aikatar Jin Ƙai ta Tarayya ta bayar a tsakiyar Oktobar 2022 sun nuna cewa fiye da hekta 330,000 na gonaki sun lalace ƙurmus a faɗin ƙasa, ban da waɗanda suka lalace sama-sama.

Masu kiwon tarwaɗa a tafkunan ƙasa su kuwa a dare ɗaya suke tsiyacewa. Ruwa na haura bakin tafki, kifin da aka yi wata biyar ana ciyarwa da abincin bashi sai ya bi kogi. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: gonar shinkafa ta kamfanin Olam da ke Rukubi a Jihar Nasarawa, a kwarin Binuwai, ta yi hasarar fiye da hekta 4,000 a 2022 bayan da ruwa ya fasa katangar da aka kewaye ta da ita. A garuruwan da ke daf da teku akwai ƙarin matsalar gishiri, wanda idan ya shiga gona sai an yi damina da yawa kafin ya wanke, idan kuma ya shiga rijiya sai mutanen da ruwa ya kewaye su koma sayen na sha daga nesa a cikin kwale-kwale.

Hanya, kasuwa da iskar gas

Ɗan kasuwar Arewa da ke ganin wannan lamari ya yi masa nisa, ya tuna da Koton Karfe. A farkon Oktobar 2022 ruwa ya hau kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja a wannan wuri, kamar yadda ya yi a Satumbar 2012, tireloli da tankokin mai suka yi jerin gwano na kilomitoci masu yawa har kwana da kwanaki. Layukan mai suka dawo a Abuja. Wanda ya ɗauko shanu ko tumatir ko tattasai ya tsaya yana kallon dukiyarsa tana lalacewa a kan titi, ga kuɗin mota yana ƙaruwa. Wanda ke jiran manja da gari da busasshen kifi daga Kudu shi ma ya jira.

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya isa hanyar Gabas zuwa Yamma, wadda ta taso daga Warri ta bi ta Fatakwal zuwa Oron, wadda kuma aka ba da kwangilar faɗaɗa ta tun 2006. Ya yanke ta tsakanin Ahoada da Mbiama ta ɓangaren Ribas, ya kuma yanke ta wajen Patani ta ɓangaren Delta. Da yake wannan ita ce hanyar mota da ta haɗa Bayelsa da sauran ƙasa, sai jihar ta zama tsibiri. Albasa da wake da naman da ake ci a Yenagoa yawancinsu daga Arewa suke zuwa, sai ga shi ana sauke kaya daga tirela a zuba a kwale-kwale ko a bayan tifa, kowane sauyi da kuɗinsa. Farashin abinci da na fetur a kasuwar Swali da kewayenta ya yi tashin gwauron zabo. Hatta Otuoke, mahaifar tsohon Shugaba Goodluck Jonathan, ruwa ya shiga a shekarun biyu. A Ogbaru ta Jihar Anambra kuma wani jirgin ruwa ɗauke da masu gudun ambaliya ya kife a ran 7 ga Oktoba, aka ba da rahoton mutuwar mutane 76.

Baitulmalin ƙasa ma ya ji a jikinsa. A ran 17 ga Oktoba, 2022, kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny, mai ikon sarrafa tan miliyan 22 na iskar gas a shekara, ya sanar da abokan cinikinsa cewa wani dalili da ya fi ƙarfinsa zai iya hana shi cika alkawuransa, saboda ruwa ya tilasta wa masu ba shi iskar rufe rijiyoyinsu. Wannan ya zo ne a daidai lokacin da Turai ke neman iskar gas ido rufe saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a wannan wata hauhawar farashin abinci ta kai kashi 23.72 cikin ɗari, ko da yake faɗuwar darajar Naira da tsadar man dizal da rashin tsaro su ma suna da nasu rabon a ciki.

Wa ke biyan hasarar

A Oktobar 2012 Shugaba Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6 domin agaji, ya kuma kafa kwamitin neman gudummawa a ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da Mista Olisa Agbakoba. Akwai kuma Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa tun 1981, da ake cire masa kaso daga asusun tarayya. Idan aka auna kuɗin agajin da hasarar Naira tiriliyan 2.6, za a ga bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran manomi ne da ɗan kasuwa suka ɗauka a kansu. A 2022 har taƙaddama ta ɓarke tsakanin Gwamnatin Bayelsa da Ministar Jin Ƙai, Hajiya Sadiya Umar Farouq, bayan da ta ce jihar ba ta cikin goma na farko da abin ya fi shafa, Jigawa ce kan gaba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, domin ƙidayar gawawwaki da rusassun gidaje dabam take da ƙidayar kwanakin da jiha ta yi a rufe ba shiga ba fita.

Kamfanin Inshorar Aikin Gona na Nijeriya, wanda shirinsa ya fara a 1987, yana karɓar inshorar ambaliya, gwamnati kuma tana ɗauke wa manomi rabin kuɗin da zai biya a kan amfanin gona na abinci. Amma mafi yawan masu shiga su ne waɗanda banki ya tilasta wa saboda sun ci bashi. Matar da ke da rabin hekta na rogo a bakin kogin Nun ba ta san da shi ba, haka nan fatake da yawa suna ɗora kayan miliyoyin Naira a mota ba tare da inshorar kayan da ke kan hanya ba.

Abin da ya rage wa mai jari shi ne lura da lokaci, domin wannan ambaliya ba ta zuwa ba sallama. Tun daga 2013 Hukumar Kula da Koguna da Ma'aunin Ruwa ta Ƙasa, wato NIHSA, take fitar da hasashen ambaliya na shekara tun kafin damina ta kankama, tare da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, tana kuma sanar da tsayin ruwa a Makurɗi da Lakwaja idan kogi ya fara cika. A Satumbar 2024 an sanar da sakin ruwan Lagdo tun kafin a fara, aka kuma sake shi kaɗan-kaɗan. Gwamnatin Bayelsa da kanta ta saba ba makarantu hutun ambaliya idan lokacin ya ƙarato. A 2022, tsakanin ranar da ruwa ya kai ƙololuwa a Lakwaja da ranar da hanyar Yenagoa ta yanke, an sami tazarar mako ɗaya zuwa biyu, wadda ta isa mai sito a Mbiama ya kwashe kayansa zuwa tudu, mai shanu a Arewa kuma ya dakatar da lodi.